Maɓallin Tagulla

Ranar da muka kwashe ɗakin Kaka Tasalla a Gangare
muka tsinci gwangwanin shayi a ƙarƙashin gado,
tsatsa ta ci rabin murfinsa.
A ciki akwai maɓallin tagulla guda ɗaya,
da takarda mai ninki huɗu wadda gara ta ɗanɗana ta bari,
da hoto, ba na takarda ba, na ƙarfe,
baƙi ƙirin, sai ka karkata shi wajen taga
sannan mutum ya fito.

Yaro ne, gashin baki bai gama tsirowa ba.
Rigar soja ta fi ƙarfin kafaɗarsa,
bindiga a tsaye ta kusa kai masa wuya.
Kunnuwan nan kuwa, fato-fato kamar hannun tukunya,
nawa ne.
Su aka yi ta ja mini tun ina aji biyu.

Na kai takardar jami'a, wurin Malama Nanret.
Mako biyu tana fama da rubutun,
ta ce ko Jamusawan yau sai sun sa tabarau.
Sunansa Gottlieb Henke.
Ashe shi ne Gatalibu da Kaka take ambata
in zazzaɓi ya rufe ta,
mu kuwa muna zaton sunan aljani ne.

Gonar ubansu ce ta kasa ɗaukar 'ya'ya bakwai.
Ya hau jirgin ruwa, kwana arba'in yana amai,
ya sauka Amurka da akwatin katako,
bai gama koyon gaisuwarsu ba yaƙi ya tashi.
Aka ba shi takalmi da lamba,
aka jera shi cikin sojan ƙasa, masu auna duniya da tafin ƙafa.
Rundunar duk 'yan garinsu ne da maƙwabta.
Da rana a daka musu tsawa da harshen da ba su ji,
da dare su zauna bakin wuta su yi kewar gida da nasu.

Na zaci zan ji labarin jarumta.
Wasiƙar ga uwarsa ce, kuma ba abokin gaba a cikinta.
Ƙafata ta ɗuri ruwa, in ji shi,
Matiyas da muka taso tare mun binne shi gindin wata bishiya
da ban san sunanta ba.
Ki aiko mini da safa.

Nan na ce wa Malama ta dakata.
Shekara ashirin da biyu na yi a kaki,
daga barikin Rukuba har dazukan Laberiya.
Na san wannan wasiƙa.
Na rubuta irinta, ban aika ba.

Jikansa ne ya zo Bukuru neman kuza,
ya ga mahaifiyar Kaka da kwanon ƙasa a ka.
Damina uku ya yi, ya tafi bai waiwaya ba.
Ya bar ramuka da ruwa ya cika,
waɗanda har gobe suke haɗiye yara da awaki,
ya bar gwangwani, ya bar jaririya jar fata
da aka yi ta kira 'yar Bature har ta tsufa,
ba ta taɓa amsawa ba.

To, me ke tsakanina da kai, Gatalibu?
Ba ka san Jos ba, ba ka san alƙibla ba,
can wajen danginka babu mai suna na a littafi.
Bashin da jikanka ya ci, ba kai zan bi ba,
ban kuma ce na yafe ba.

Jiya da sanyin asuba ya sauko daga Dutsen Shere
na ɗinka maɓallin a tsohuwar rigar sanyina,
wajen wuya, inda nawa ya tsinke.
Ramin ya ɗan matse, amma ya shiga.

Jikata Suwaiba ta karkata hoton wajen taga
ta dube shi, ta dubi kunnena,
ta ce, Baba, wannan namu ne?
Na ce, ƙafarsa ta yi ciwo.
Miƙo mini man zafi.